Rijistar suna ba abin da za a bari sai ƙarshe ba ne

Na karanta labarin wani kamfani da ke son shigar da kayansa kasuwar China. Ni fa abin da ya tsaya min a labarin shi ne cewa wai kamfanin zai jira sai hukumar magunguna ta China ta ba shi lasisi tukuna sannan ya yi rijistar sunansa da tambarinsa a can, to wallahi wannan ganganci ne, domin a China wanda ya riga shigar da takarda shi ne mai suna, ba ruwansu da shekarun da ka yi kana amfani da shi a gida. Ku duba abin da ya samu Pfizer, kamfanin da ke yin maganin Viagra, sunan da mutanen can ke kiran Viagra da shi, Weige, wani kamfani na Guangzhou ya riga su nema, aka yi ta shari'a kuma Pfizer bai samu sunan ba. In babban kamfani irin wannan ya sha haka, ina ga ƙarami? Sannan masu cewa "ai tsarin Madrid ya wadatar", wato tsarin neman rijistar suna a ƙasashe da yawa lokaci guda, eh yana rage wahala, takarda ɗaya ta hannun WIPO, hukumar kare mallakar fasaha ta duniya, amma kowace ƙasa tana da ikon ƙin amincewa, kuma shekara 5 na farko rijistar tana rataye da ta gida, in ta gida ta faɗi duk sun faɗi. Kuma a rijistar suna kaya aji-aji ne, magani aji na 5 ne, na'urorin asibiti aji na 10, labarin bai ma faɗi wanne suka ɗauka ba. Ni damuwata marasa lafiya, in wani ya kama sunan ya zuba jabu a kasuwa, wa zai ɗauki alhakin?