"99 Luftballons": Da Jamusanci Ta Ci Kasuwar Amurka

Mutane da yawa suna zaton sai da aka mayar da waƙar "99 Luftballons" (wato balan-balan 99) ta ƙungiyar mawaƙan Jamus mai suna Nena zuwa Turanci sannan ta karɓu a Amurka. Ba haka ba ne. Ta Jamusancin, wadda ta fito a 1983, ita ce ta kai matsayi na 2 a jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka a 1984. A Birtaniya ne ta Turancin, "99 Red Balloons" (wato jajayen balan-balan 99), ta zo ta ɗaya.

Mai kaɗa gitar ƙungiyar, Carlo Karges, ya rubuta baitocin bayan ya ga an saki balan-balan a wasan ƙungiyar mawaƙa ta Rolling Stones a Berlin ta Yamma a 1982, ya yi tunanin za a iya ɗaukarsu hari idan suka tsallaka katangar da ta raba Berlin ta Yamma da ta Gabas a lokacin. Uwe Fahrenkrog-Petersen ya tsara kiɗan. Kalmar "ja" kuwa babu ita a sunan asali, a Turancin aka ƙara ta.