Baƙin da Na Sayo a Leda

Tumbi ne ya jawo komai. Ranar da na sunkuya zan sa takalmi numfashina ya nemi ɗaukewa, na yanke shawarar rabuwa da tuwon dare. Kullum in na taso daga makaranta sai in tsaya wajen wani yaro a hanyar Ƙofar Ƙaura, in sayi salak yankakke a leda: latas, kabeji, karas, kokwamba, da ƙullin garin ƙuli-ƙuli a gefe.

Uwargida ta ce, "Malam, kawo in sake wanke maka." Na ce ta huta, yaron ya rantse wankakke ne, ga ruwa ma yana ɗiga. Inna kuwa kallona kawai take daga kan tabarmarta. Rannan dai ta kasa haƙuri, ta ce, "Tunda nake ban ga ɗan mutum yana kiwo ba sai kai. Mu ko tafasa sai mun tafasa ta." Na yi mata dogon bayani a kan sinadaran da wuta ke kashewa. Ta ce Allah ya ba da sa'a.

Wata uku ina wannan kiwo, tumbi kuwa ya sauka. 'Yan majalisa suka fara tambayata sirrin, ni kuma har wa'azi nake musu. Abin da na ɓoye shi ne cikina ya koma kamar gidan makaɗa, ga wata gyatsa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Na saki ɗaya a sahun Magariba, dattijon da ke damana ya matsa har da jan hularsa.

Asirina ya tonu ranar ɗaurin auren ɗan abokina a Daura. Na ci babbar riga mai sitaci, na shiga motar haya. Tun kafin Mashi na ce, "Direba, don Allah ɗan tsaya." Ya tsaya. Karo na biyu ya tsaya yana tsaki. A na uku wata tsohuwa ta miƙo mini butarta ta taga, ta ce, "Riƙe ta gaba ɗaya, ɗan nan, ka fi ni buƙata." Duk wanda bai taɓa tsugunawa bayan geza da babbar riga naɗe a wuya ba, mutum takwas suna jiransa, bai san kunya ba. Ko da muka isa an shafa fatiha, har goro ya ƙare.

Washegari likita ya tura ni ɗakin gwaji. Aka ba ni wata 'yar kwalba da cokalinta kamar na wasan yara, aka faɗa mini abin da zan zuba. Na kawo ta a aljihu kamar mai fataucin kayan haram, ina ɗaga kai sai ga tsohon ɗalibina, wanda na taɓa sa wa kamun kunne saboda makara. Har ƙasa ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya karɓa da hannu biyu.

Da sakamako ya fito, ɗalibin nawa ya rage murya. "Malam, baƙi iri biyu gare ka." Na farko Giardia, ƙwayar da ido ba ya gani, ita ce mai gyatsar da gudawar. Na biyu ƙwan tsutsar ciki, irin doguwar nan. Ya ce macenta kan saka ƙwai kusan 200,000 a rana, ƙwan kuma kan yi shekaru a ƙasa bai mutu ba, ga shi da manne wa ganye. In an yi ban ruwa da ruwan kwata, ko an zuba takin da ya haɗu da bayan gida, latas ne kan gaba wajen kwasa, don a ƙasa yake kwance, ga lunguna. Na ce ai da gishiri ake wanke shi. Ya yi murmushi irin wanda nake yi musu a aji in sun kawo amsar banza, ya ce gishiri ba ya kashe ƙwan, sai dai a ware ganye ɗaya-ɗaya a cuɗa shi da ruwa mai tsabta yana zuba, ko kuma a dafa.

Ni dai 200,000 ɗin nan ce ta tsaya mini. Albashina bai isa mutum bakwai ba, ashe gari guda nake ciyarwa.

Likita ya rubuta albendazole da Flagyl, na kwana biyar bakina kamar na tsotsi kwabo. Da na ji sauƙi na koma wajen yaron, na ce ya nuna mini inda yake wankin. Ya jawo bokiti ɗaya daga ƙarƙashin tebur, ruwan ya yi kalar kunun kanwa, tun safe shi ne. Ya ce, "Ka gani ko, Malam? Ai na ce maka ina wankewa."

Daren nan Inna da kanta ta tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, ta turo mini malmala biyu ba ta ce komai ba. Da na kai hannu ga ta uku ne ta ce, "Ci a hankali. Yanzu kai kaɗai ne."