Zafin Kano ba ya watsa sinadarin cikin cip

A kasuwar waya ta Farm Centre za ka ji ana cewa zafin watan Afrilu, ko iskar na'urar da mai gyara ke hura wa allon cikin waya, kan "watsa sinadarin" da ke cikin cip ɗin waya, wato ɗan guntun silikon da ke sarrafa aikinta. Ba haka ba ne.

Sinadarin da ake nufi shi ne ɗan boron, fosforos ko asenik da ake cusa wa silikon a masana'anta domin ya iya sarrafa lantarki. Ƙwayoyinsa ba sa wani motsi na a-zo-a-gani sai zafi ya doshi digiri 900 zuwa 1000 a ma'aunin Celsius. Dalmar da ke riƙe cip kuwa tana narkewa tun a wajen digiri 183 zuwa 220. Abin da mai gyara kan ƙona shi ne dalma, batir ko roba.

A masana'anta ne ake fama da wannan matsala. Dole a gasa faifan silikon domin ƙwayoyin su zauna a gurbinsu, amma duk daƙiƙar da aka ƙara sai su yi naso zuwa inda ba a so. Kuma nason taruwa yake yi, kamar zane a marinar Ƙofar Mata: kowane tsomi yana ɗorawa a kan na baya. Shi ya sa ake amfani da fitilu masu kai faifan digiri 1000 na 'yan daƙiƙoƙi kawai, a sauke nan take. Da zarar an shimfiɗa wayoyin jan ƙarfe a kai, ba a ƙara wuce wajen digiri 400.