Ku bar yarinyar nan da bincikenta na ƙwayar cutar kaji

Tun jiya nake danne zuciyata kan abin da aka yi wa ƙanwarmu a ƙarƙashin hotonta amma wallahi na kasa. Kun gani dai, ba sai na maimaita ba. Yarinya ta kammala digiri na biyu a fannin likitan dabbobi, ta saka taken bincikenta cikin murna, kan yadda ake liƙa wa RNA ɗin ƙwayar cutar kaji alamar metil, sai ga manyan mutane masu iyali sun cika wajen da dariya, wai me za ta ci da wannan, wai gara ta koyi ɗinki, wani ma cewa ya yi an yi asarar kuɗin makaranta. Haba jama'a. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne da yawa cikin masu dariyar nan kiwon kaji suke yi, kuma su ne duk hunturu ke zuwa suna kuka fakat ta share musu akurki.

To bari ku ji abin da kuke yi wa dariya.

Kowace ƙwayar halitta a jikin kaza, ko akuya, ko ni da kai, da RNA take aika saƙon yadda za a haɗa furotin. Kafin saƙon ya kama aiki sai an liƙa masa wani ɗan mitsitsin abu, metil, kabon ɗaya da haidurojin uku, a bakinsa inda masana ke kira hula da kuma nan da can a tsakiyarsa. Kamar hatimi ne a kan takarda, garkuwar jiki idan ta ga RNA babu hatimin sai ta gane baƙo ne ta far masa. Shi kuwa bairos, wato irin wannan ƙwayar cutar, duk rayuwarsa ta dogara ne kan kada a gane shi. Dangin korona suna zuwa da nasu kayan buga hatimin, wani furotin da ake kira nsp16. Bairos ɗin fakat da na annobar awaki da tumaki, babban furotin ɗinsu mai suna L shi ke musu wannan aikin. Na mura kuwa, har da murar tsuntsaye, bai ma tsaya wahala ba, yanko hular saƙon mai gida, wato jikin da ya shiga, yake yi ya ɗora wa nasa. Wannan satar ita aka toshe da maganin mura baloxavir da aka amince da shi a Japan da Amurka a 2018. Magani na gaske, da ake sha, ya fito daga irin karatun da kuka ce asara ne.

Kuma ba jiya aka fara ba. A 1974 aka fara gano alamar metil ta tsakiyar saƙon, wadda ake kira m6A, a jikin RNA, a 1976 aka ganta a bairos ɗin mura, aka kuma ganta a bairos ɗin da ke sa kaji ƙari, wanda wani masani ɗan Amurka, Peyton Rous, ya gano tun 1911. Mutumin nan sai 1966 aka ba shi kyautar Nobel, shekara 55 bayan aikinsa a kan kaza. Ita ma m6A ɗin an jima ba a san me take yi ba, sai a 2011 ɗakin binciken Chuan He a Chicago ya nuna cewa akwai furotin FTO da ke iya goge ta, wato ana sa ta ana cirewa, a 2012 kuma aka samu hanyar gano inda take zaune a jikin RNA. Daga nan ne fagen ya buɗe. Kuma abin ba kai tsaye yake ba, a jami'ar Duke an nuna alamar tana ƙara wa bairos ɗin mura ƙarfin yaɗuwa, a jami'ar dai an nuna tana rage wa na ciwon hanta nau'in C ƙarfi. Kenan kowane bairos sai an zauna an bi nasa daban. To wa zai zauna ya bi na kajinmu da awakinmu?

Nan ne masu cewa "ai Turawa sun riga sun yi" suke ba ni haushi. Sun yi kan abin da ya dame su. Masu bincike a jami'ar jihar Ohio sun lalata wa wani bairos ɗin numfashi na tsuntsaye wannan kayan buga hatimin, ya yi rauni har ya kasa sa ciwo, aka ba talo-talo a matsayin rigakafi kuma ya kare su. Talo-talo suka zaɓa saboda sana'arsu ce. Kai da fakat ke cinye maka kaji, kana jiran wani a can ya bar nasa ya kama naka? Ga wacce ta kama naka ɗin, kai kuma kana mata dariya.

Masu cewa a fara gyara ruwa da hanya kuwa, a gyara mana, wa ya hana? Yarinyar ce ta riƙe kuɗin kwangilar? Ku je ku tambayi waɗanda kuka zaɓa.

Mun manta ne kawai. A watan Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da murar tsuntsaye H5N1 a kajin Afirka, kuma a gonar kaji a Jaji ta jihar Kaduna ta bayyana. Duk wanda yake kiwo lokacin ya san yadda aka riƙa haƙa rami ana binne kaji, mutane suka daina cin ƙwai, wasu gonakin har yau ba su sake tashi ba. Ta dawo a 2015. A 2024 kuma sai ga ta a shanun madara a Amurka, har ta kama wasu ma'aikatan gona. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai, ciwon dabba ba ya tsayawa a dabba. Kuma muna da abin tinƙaho a wannan fagen, ga cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato tana haɗa alluran rigakafi, kuma rigakafin annobar awaki da ƙasashe da dama ke amfani da shi sunansa ma Nigeria 75/1, domin daga bairos ɗin da aka samo a nan aka yi shi. Irin waɗannan yaran ne za su gaji wannan aikin in ba mu kashe musu gwiwa ba.

Ƙanwata, in kina karantawa, wata masaniyar kimiyya, Katalin Karikó, jami'arta ta rage mata matsayi a 1995 saboda ba ta samun tallafi kan aikin RNA. A 2005 ita da Drew Weissman suka nuna cewa RNA mai irin waɗannan alamomin ba ya tayar da garkuwar jiki, a kan haka aka gina rigakafin korona na Pfizer da Moderna, a 2023 suka karɓi Nobel. Ki ci gaba, Allah ya yi wa karatunki albarka, ki wuce digiri na uku.

Af, tunda ana maganar kaji, don Allah masu zuwa kemis suna sayo kafso suna farkewa a ruwan shan kaji idan fakat ta shigo, ku daina. Kafso ba ya kashe bairos, kuɗinku kawai kuke zubarwa, kuma ragowar maganin yana komawa cikin ƙwai da naman da yaranku ke ci. Ku nemi malamin dabbobi ya yi musu rigakafi kafin sanyi ya shigo, kuma kazar da kuka sayo a kasuwa ku ware ta gefe tukuna kafin ku haɗa ta da na gida.