Jamusawan Texas da Zangon Kumasi

Duk Bahaushen da ke zaune a Texas, ya kamata ya ware rana guda ya leƙa Fredericksburg, yamma da Austin. Jamusawa ne suka sari garin a 1846, shekara ɗaya bayan sun sari wani garin nasu, New Braunfels. Da suka iso ba su watsu ba. Kowane magidanci aka yanka masa fili a cikin gari da eka 10 ta gona a waje. A tsakiyar babban titi suka gina wani ɗaki mai kusurwa takwas, nan ne coci, nan ne makaranta, nan ake shawarar gari. A 1847 shugabansu John Meusebach ya zauna da ƙabilar Comanche, masu ƙasar, aka yi sulhu.

Abin da ya fi burge ni shi ne 'yan gidajen nan da suke kira gidajen Lahadi. Ɗaki ɗaya ko biyu a ƙasa, sai matakala ta waje zuwa sama inda yara ke kwana. Manomin da gonarsa ta yi nisa, ranar Asabar zai ɗauro keken doki da iyalinsa, ya ci kasuwa, ya kwana, gari ya waye a yi ibada, yara na ta guje-guje suna zuba Jamusanci da 'yan uwansu.

Wannan zaman ne ya riƙe musu harshe sama da shekara 100. Jaridar New Braunfels ta fara fita da Jamusanci a 1852, ba ta koma Turanci zalla ba sai 1957. Ƙiyayyar Yaƙin Duniya na Ɗaya da dokar karatu da Turanci kawai ta 1918 suka karya harshen, yau sai bakin tsofaffi.

Kakanninmu fataken goro ba wanda ya koya musu wannan dabara. A Zangon Kumasi baƙo yana da maigidan da zai sauke shi, ga sarkin zango, ga masallaci, ga makarantar allo, shi ya sa har Mosawa da Dagomba suka ɗauki Hausa.

Mu fa a nan? Wani na gabashin Houston, wani na yamma, tafiyar awa guda a mota, ba a haɗuwa sai Sallah ko suna. Ka yi wa yaro magana da Hausa ya amsa da Turanci, kakarsa ta bugo waya ya tsaya a "lafiya lau". Wallahi abin yana ci mini rai. Ni dai kuɗin da muke tarawa na walimar Sallah, na fi son a kama hayar ɗaki da su, a riƙa buɗe wa yara kowace Asabar.