Sabis ya cika, saƙo ya ƙi tafiya

Duk kamfanin sadarwar da ya sake fitowa yana shelar cewa ya inganta netwok a cikin birni, tambaya ɗaya nake so a riƙa yi masa: da ƙarfe nawa kuka auna, kuma a ina kuka tsaya? Abin da waya ke yi da ƙarfe uku na dare, sa'ad da gari ya yi barci, daban. Abin da take yi da yamma a bakin babbar tashar mota, lokacin da ma'aikata suka taso kowa na neman hanyar gida, shi ma daban. Na farkon ake sakawa a talla, na biyun kuwa shi muke rayuwa da shi.

Ku tsaya ku kalli mutumin da ke son tura kuɗin kayan da ya saya a tsakiyar cunkoso. An ƙulle masa kaya, mai sayarwa ya zuba masa ido, na bayansa sun fara tsaki. Ya danna, ɗan da'irar nan ta hau juyawa. Ya ɗaga wayar sama, ya matsa gefe, ya kashe data ya kunna, ya sa ta a yanayin jirgi ya cire. Can sai ya juya fuskar wayar yana nuna wa mai kayan, don kada a ɗauke shi maƙaryaci: "Duba fa, sabis a cike yake." Kuma gaskiyarsa, sandunan nan duk sun tashi, ga 4G ko ma 5G a gefensu. Amma kuɗi sun ƙi fita.

Waɗannan sanduna ba abin da suke gaya maka illa ƙarfin siginar da wayarka ke ji daga ƙarfen sabis mafi kusa. Ba su san mutum nawa ke rataye a jikin ƙarfen tare da kai ba. Hasali ma babu wata ƙa'ida guda da ta ce ga ƙarfin da ya kai sanda huɗu, kowane mai ƙera waya da nasa lissafin. A 2010, da aka yi ta ƙorafi kan iPhone 4, Apple da kansa ya fito ya ce lissafin da wayoyinsa ke yi na sandunan ba daidai ba ne, sukan nuna fiye da abin da ke akwai. Saboda haka cikar sanduna ba alkawari ba ce.

Ƙarfen sabis yawanci fuska uku gare shi, kowace na kallon kashi ɗaya cikin uku na kewayensa. Kowace fuska tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka a daƙiƙa guda, kuma duk wayar da ke wannan ɓangaren a ciki za ta samu rabonta. Kamar famfo ɗaya ne a unguwa: wanda ya zo da asuba shi kaɗai zai cika bokitinsa nan take, wanda ya zo da hantsi ya tarar da layi, alhali ruwan da ke zuba bai ragu ba. Wannan iyaka ba rowar kamfani ba ce kawai. Tun 1948 wani masanin lissafi, Claude Shannon, ya nuna da lissafi cewa kowace hanyar aika saƙo tana da maƙurar da ba ta wucewa, gwargwadon faɗinta da tsabtar siginarta. A cikin cunkoso kuwa duka biyun ake rasawa: faɗin an raba shi ga dubbai, siginar kuma ta gurɓace da hayaniyar ƙarafan da ke maƙwabtaka.

Shi ya sa nake ganin matsalar tsakiyar birni ba ta isar sabis ba ce. Sabis ya isa tun tuni. Wanda ke ƙauye mai nisa shi ke kukan rashin isa. Na cikin birni kukansa na rabo ne, kuma maganin ɗaya ba shi ne na ɗayan ba. Amma da yake "mun mamaye kashi kaza na birni" ya fi daɗin faɗa a talla, sai a yi ta ba mu amsar tambayar da ba mu yi ba.

Maganin ma ba sabo ba ne. A 1947 wani injiniya a cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka, Douglas Ring, ya rubuta shawarar a yanyanka gari zuwa ƙananan yankuna, kowane da na'urarsa mai ƙaramin ƙarfi, ta yadda za a sake amfani da zangon rediyo ɗaya a wurare da yawa ba tare da sun shiga juna ba. A kan wannan tunani aka gina duk abin da muke riƙe da shi yau. Idan mutane suka yi yawa, sai a ƙara yanka yankin, a sa ƙananan eriya a jikin fitilun titi, a cikin tasha, a rufin kasuwa, a kowane hawa na dogon bene. Aiki ne mai cin kuɗi da cin rai, ba ya kuma ɗaukar ido. Ba wanda zai kira taron manema labarai don ya maƙala akwati a jikin falwaya. Sabuwar lamba a gaban harafin G ita ke kawo taro.

Kada a fahimce ni a karkace, sababbin fasahohin suna da amfani na gaske. Daga 2G da aka fara a Finland a 1991, zuwa 3G a Japan a 2001, zuwa 4G a Stockholm da Oslo a ƙarshen 2009, zuwa 5G da Koriya ta Kudu ta buɗe wa jama'a a Afrilun 2019, kowane mataki ya ƙara yawan abin da za a iya cusawa a zango ɗaya. Eriyar 5G ta zamani tana iya ƙunsar ƙananan eriya masu yawa a akwati guda, ta riƙa harba sigina kai tsaye wajen wayar da ke buƙata maimakon watsa ta ko'ina. A cikin cunkoso wannan babban abu ne. Sai dai 5G suna ne da ya tara abubuwa mabambanta, kuma a nan ake yi mana wasa da hankali.

Duk wanda ya taɓa murɗa rediyo ya san zango-zango ne, wani na cin nisa, wani ba ya wuce gari. Haka abin yake a nan. Na ƙasa, irin su 700 da 800 da 900 MHz (ma'aunin zango ke nan, MHz 1,000 shi ne GHz ɗaya), suna tafiya nesa, suna ratsa bango, amma hanyarsu ƙunci gare ta. Na tsakiya, wajajen 3.5 GHz, ya fi faɗi nesa ba kusa ba: ana iya ba kamfani tashar da ta kai MHz 100, alhali tasha ɗaya ta 4G ba ta wuce 20. Sai na can sama, 26 ko 28 GHz, mai gudun tsiya, wanda ganyen bishiya ko gilashin taga ko tafin hannunka ke iya tare shi. Kamfani na iya ɗora 5G a kan zangon ƙasa, taswirarsa ta cika da launi cikin 'yan watanni, wayarka ta nuna 5G, amma gudun bai fi na 4G mai kyau ba. Akwai ma wanda ya yi abin da ya fi haka: a 2019 wayoyin masu layin AT&T a Amurka suka fara nuna "5G E", alhali 4G ce aka yi wa kwaskwarima. Sannan galibin 5G na farko a kan ginshiƙin 4G aka jingina ta, don haka idan 4G ɗin wurin ta shaƙe, alamar da ke saman allo ba ta cece ka ba.

Ita kanta taswirar, yawanci ba mutum ne ya zaga da waya ya auna ba. Kwamfuta ce ta ƙiyasta inda sigina ya kamata ta kai, sau da yawa ga wanda ke tsaye a waje. A Disambar 2019 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta fitar da rahoto bayan ma'aikatanta sun bi hanyoyi suna gwaji, suka tarar taswirorin 4G da wasu manyan kamfanoni suka miƙa sun zuzuta abin da ke ƙasa. Idan an yi haka a inda hukuma ke da motoci da na'urorin bin diddigi, sai ku ƙiyasta inda ba mai dubawa.

Akwai kuma abin da ba a gani sam. Ƙarfen sabis ba shi ne intanet ba, ƙofa ce kawai. Daga gindinsa sai an ja kayan zuwa cibiyar kamfani, ko ta kebul ɗin fayiba a ƙarƙashin ƙasa, ko ta farantan nan masu kama da ganga da ke kallon juna daga ƙarfe zuwa ƙarfe. Idan aka sa sabuwar eriya a sama aka bar tsohuwar hanya a ƙasa, an yi kwalliyar da ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Motar haƙa rami ɗaya ta masu gyaran titi na iya tsinke fayiba, unguwanni su wuni suna lalube. Wuta ma haka: in ta ɗauke, batir ya ƙare, ƙarfe ɗaya ya mutu, duk wayoyin da ke kansa sai su yi dafifi kan na kusa, shi ma ya durƙushe.

Wani ɓangaren da talla ba ta cika taɓawa ba shi ne aikawa. Kullum gudun saukewa ake faɗa. Amma ku dubi filin ƙwallo a daidai lokacin da aka ci ƙwallo: dubban hannaye sun tashi, kowa na ɗaukar bidiyo, kowa na son ya tura a wannan minti. Wayar hannu yawanci ƙarfin muryarta bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na watt ba, ƙarfen sabis kuwa da gomman watt yake magana. Kana jin sa sarai, shi ne ba ya jin ka a cikin hayaniya. Ga shi kuma an tsara yawancin hanyoyin ne ta yadda saukewa ke samun kaso mafi tsoka. Mai kiran bidiyo, da mai sayar da kaya kai tsaye a Facebook ko TikTok, da direban da manhajarsa ke aika inda yake, duk a wannan siririyar hanya suke turereniya.

Ba duka laifin ke kan kamfanoni ba, wannan kam dole a faɗa. Kowa na son sabis, ba mai son ƙarfe a bayan gidansa. Izinin kafa ƙarfe ɗaya ko haƙa ramin kebul na iya cin watanni a ofisoshi. Masu gine-gine suna zuba kankare da ƙarfe da gilashi mai hana zafi shiga, wanda ke hana sigina shiga shi ma, ba su tanadi eriyar cikin gida ba, sannan 'yan haya su yi ta zagin kamfani. A 2020 har ƙona ƙarafan sabis aka yi a Birtaniya saboda jita-jitar cewa 5G na da hannu a cutar korona, wasu daga cikin waɗanda aka ƙona ma ba na 5G ba ne. Mu ma muna da namu: bidiyo ne ke cinye mafi yawan datar wayoyi a duniya, kuma da yawansa shi ke kunna kansa muna wucewa, ba mu ma kalla ba.

Rufe tsofaffin hanyoyi don a ba sababbi zangonsu dabara ce mai ma'ana. Singapore ta kashe 2G a 2017, manyan kamfanonin Amurka suka kashe 3G a 2022. Amma wa ake bari a baya? Da Ostireliya ta rufe 3G a Oktoban 2024, sai da aka toshe wasu wayoyi masu 4G ɗungurungum, domin ba sa iya kiran lambar gaggawa sai ta tsohuwar hanya. Mai irin wannan waya an ce masa an inganta netwok, shi kuwa abin da ya gani shi ne wayarsa ta daina aiki.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ma'aunin gaskiya yana nan a rubuce. Ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, da ta gindaya sharuɗɗan 5G, ta sa lambobi biyu. Akwai ƙololuwa, gigabit 20 a daƙiƙa, wato megabit 20,000, wadda sai komai ya daidaita ake samu. Akwai kuma abin da mai amfani zai samu a cikin birni mai cunkoso: megabit 100 na saukewa da 50 na aikawa, kuma ba a kan mai sa'a ake auna shi ba, a kan waɗanda ke can ƙasa ne, kashi 5 cikin 100 da suka fi kowa rashin rabo. Injiniyoyin sun san inda gizo ke saƙa. Masu talla ne suka ɗauki ta sama suka bar ta ƙasa.

Don haka abin da nake so hukumomin sadarwa su tilasta shi ne a riƙa wallafa awon lokacin cunkoso, wuri-wuri: wannan tasha, wannan kasuwa, wannan asibiti, daga ƙarfe kaza zuwa kaza, saukewa da aikawa, a waje da cikin gini. Inda wuri ya yi ƙunci kuma, a daina barin kowane kamfani ya ja nasa shi kaɗai. Hukumar sufuri ta Landan ta ba kamfani ɗaya kwangilar shekara 20 a 2021 ya shimfiɗa kayan sadarwa a ramukan jirgin ƙarƙashin ƙasa, sauran kamfanoni su hau kai. Ba abin da zai hana a yi haka a manyan tashoshi da kasuwanni.

Kafin a kai can, mai shirin sayen sabon layi ko sabuwar waya saboda 5G, ya ari ta abokinsa ya je inda yake wuni, a lokacin da wurin ya fi cika, ya gwada tura bidiyo ɗaya da kiran bidiyo ɗaya. In kuma cunkoso ya rutsa da kai wayar ta tsaya cak, shiga saiti ka mayar da ita 4G zalla, ko ka koma ɗaya layin in kana da biyu. Wani lokaci hanyar da kowa ya guje wa ita ce ba kowa a kanta, saƙon ya wuce.