Malesiya ko Tailan? Ku daina zaɓar ƙasa da hoton Instagram

'Yan uwana matasa, musamman sababbin angwaye, abin da ke yawo a waya kwanan nan ya isa a yi magana. Mutum zai ce yana ruwan ido tsakanin Malesiya da Tailan, a tambaye shi dalili, sai ya miƙo bidiyon wata da ta tsaya a bakin teku tana juya mayafi. Iyakar bincikensa ke nan. Miliyoyin naira za su fita daga aljihu, amma bai san a wane wata aka ɗauki hoton ba. Kallon kitse ake yi wa rogo.

A fara da damina, tunda ita hoto ke ɓoyewa. Phuket da Krabi, waɗanda kuka fi so a Tailan, ruwa suke sha daga Mayu zuwa Oktoba. Teku na yin fushi, ana kafa jar tuta a bakin ruwa, ma'anarta kada a shiga, domin akwai igiyar da ke jan mutum ciki ko ya iya iyo. Jiragen ruwa masu zuwa ƙananan tsibirai ma ana soke tafiyarsu. Tsibirin Samui yana ɗaya gefen, nasa ruwan ya fi ƙarfi daga Oktoba zuwa Disamba. A Malesiya, tsibiran gabas irin su Perhentian, Redang da Tioman, yawancin otal-otal ɗinsu rufewa suke daga Nuwamba zuwa wajen Fabrairu, alhali a lokacin Langkawi da Penang na yamma lafiya lau. Wanda ya ɗaura aure a Agusta ya biya otal a Phuket saboda ya ga araha, bai tambayi abin da ya karya farashin ba. Araha ba ta ado. Chiang Mai ta arewacin Tailan kuwa, daga Fabrairu zuwa Afrilu hayaƙin ƙona gonaki ne ke rufe sama, mai asma ya kiyaye. Duk wannan minti goma ya isa a gano, amma a'a, hoto ya riga ya yanke hukunci.

Hoto ba ya nuna takardu. Mai fasfon Najeriya sai da biza zai shiga kowace daga cikinsu, kuma ana neman takardar tantancewa ta hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi (NDLEA), wadda ba a kwana ɗaya take fitowa ba. Fasfo ya zama da sauran wata shida aƙalla. Katin rigakafin shawara ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka wanda ya yi ta ana gobe tafiya ya ɓata wa kansa. Kada ma a kawo zancen masu sayen katin ba tare da allura ba; wannan ha'incin ya zama mana jiki, har ba a jin kunyarsa. Kowace ƙasar tana da fom ɗin shiga da ake cikewa ta intanet cikin kwana uku kafin isa, kyauta ne, amma shafukan bogi na karɓar kuɗin waɗanda ba sa karatu. Sai ka ga an sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. Wane irin gaggawa ne wannan? Babu jirgi kai tsaye, sai an yada zango a Addis Ababa, Doha ko Istanbul, ga bambancin awa shida da Tailan, bakwai da Malesiya. Hutun kwana biyar, biyu sun tafi a hanya.

Abin da ya fi ciwo shi ne ba a tambayar abinci da sallah. A Malesiya hukumar JAKIM ce ke ba da tambarin halal, kuma kusan kowane babban kanti da tasha akwai ɗakin sallah. A Tailan sai ka buɗe ido: naman alade da kitsensa na shiga miyar da ba ka zata ba, sai ka nemi tambarin majalisar Musulunci ta ƙasar, ko ka nufi unguwar Nana a Bangkok, ko Krabi inda Musulmi suke da yawa. Mai tafiya da iyali ko tsohuwa, a ganina Malesiya ta fi masa sauƙi nesa ba kusa ba. Mai son tsibirai da kasuwar dare tsakanin Disamba da Maris, Tailan ta fi armashi, in zai iya tsare kansa daga titunan da kowa ya san abin da ake yi a cikinsu.

Doka ma ba ta fitowa a hoto. Sigarin lantarki da samari ke taƙama da ita haramun ce a Tailan. Zagin sarki, ko da a Facebook, ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ne. Kwana ɗaya bayan ƙarewar biza tarar bat 500 ce, kuɗin Tailan. Safarar ƙwaya a Malesiya na iya kai mutum ga rataya, amma har yau ana karɓar "ɗan saƙo" a filin jirgi don kunya. Ga masu hayar babur a bar fasfo jingina, ba lasisi, a ƙasar da ake tuƙi ta hagu, duk don a ɗauki bidiyo. In aka faɗi, inshora ba ta biya. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya.

Iyayenmu fatake da suka riƙa zuwa Bangkok sarin kaya ba su da wayar hannu, amma ba sa ɗaga ƙafa sai sun zauna da wanda ya riga su zuwa, sun san mai masauki, sun san kuɗin guzuri har da na ko-ta-kwana. Matambayi ba ya ɓata, suka ce, kuma tambayar dattijo ba ta rage musu girma ba. Yau ilimin duniya na cikin tafin hannu, amma an ci bashi an tafi, an dawo da hotuna ɗari uku, mai shagon unguwa na jiran kuɗin shinkafarsa tun kafin biki.